Tsakanin Sony a6700 da Canon R7: wacce ta fi dacewa da ɗaukar bidiyon biki da hawa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon bukukuwan aure da walimar saukar Alƙur'ani, kuma a lokacin Sallah nakan ɗauki hawa a ƙofar fadar Sarkin Zazzau. Kyamarar da nake amfani da ita tsohuwar Canon ce mai madubi, wadda fokas ɗinta yake ta kai-komo duk sa'ad da amarya ta taho daga nesa. Na yi niyyar komawa kyamara mara madubi, amma na rasa wadda zan ɗauka tsakanin Sony a6700 da Canon R7. Ina neman shawarar waɗanda suka riƙe su da hannunsu.

Mai Sitidiyo, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Idan maganar bin fuska ce kaɗai, wato yadda fokas yake bin mutum yana tafiya, a6700 da ta fito a 2023 tana da ɗan rinjaye, domin tana gane siffar jikin mutum gaba ɗaya, ba idonsa kawai ba, don haka ko mutum ya juya baya ba ta cika sakinsa ba. Wannan yana da muhimmanci a wurin hawa, inda mahaya suke naɗe da rawani da amawali har fuskar ba ta bayyana sai idanu, ga ƙura ta turnuƙe. Amma tun da ka ce kana da Canon, to lens ɗinka na EF, wato irin na Canon mai madubi, za su hau kan R7 ta hanyar adaftar kamfanin, kuma fokas zai yi aiki yadda ya kamata. Kuɗin sake sayen lens ba ƙaramin abu ba ne. Sannan R7 tana ɗaukar katin memori biyu, ta yadda idan ɗaya ya lalace bidiyon yana kan ɗayan, a6700 kuwa ɗaya tak, kuma wanda ya taɓa rasa bidiyon ɗaurin aure ya san ba a sake taron don shi.

'Yar Samaru:
Ni abin da na fi so a duba shi ne zafi, wanda masu gwajin kyamara a Turai ba su cika fama da irin namu ba. A watan Maris da Afrilu, ƙaramar kyamara irin a6700 tana iya kashe kanta idan aka daɗe ana ɗaukar bidiyon 4K mai firem 50, wato hotuna 50 a kowane sakan, a cikin rana ko a zauren da janareto ya kasa ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Idan aljihu zai iya, a duba Panasonic S5 II. Tana da fanka a cikinta, ba ta da iyakar tsawon ɗauka, kuma ita ce ta farko a jerin Lumix, wato kyamarorin Panasonic, da aka sa wa irin fokas ɗin da Sony da Canon suka daɗe da shi, bayan shekarun da aka yi ana kukan fokas ɗinsu yana rawa. Sai dai tana da nauyi, kuma lens ɗinta sun fi tsada.

Mai Sitidiyo, Sabon Gari:
Hajiya ta yi gaskiya game da zafi. Zan ƙara da cewa kowacce ka saya, ka saita ta kan firem 25 ko 50, saboda wutar lantarkinmu mai 50Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a kowane sakan, in ba haka ba fitilun ɗakin taro za su riƙa ƙyaftawa a cikin bidiyon. Kuma a lokacin hunturu kada ka canza lens a fili, domin sensa, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoton, a kusa take da bakin kyamarar, ƙura za ta iya hawa kanta.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan nemi aron R7 in gwada lens ɗina a kanta a bikin da nake da shi ranar Asabar kafin in biya kuɗi.