Wa ya taɓa buɗe famfon gazuwal (man dizal) don ƙarin ƙarfi, yaya ta ƙare?

Direban Albasa, Marwa:
Slm jama'a. Hilux gare ni mai injin 3L, ba turbo, ina lodin albasa daga Marwa zuwa Ngaundare. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ni da matsala da ita amma da na wuce Mbe na fara hawan falez, wato hawan dutsen nan na hanyar Ngaundare, sai ta mutu mus, giya biyu wani wurin har ɗaya, manyan motoci na bina da oda. Wani yaro a garaji ya ce in kawo ya juya min sukurun bayan famfo, wai yanzun nan za ta zama wata mota daban. Waɗanda suka taɓa yi don Allah ku faɗa min gsky.

Ɗan Kusiri:
Wslm. Ni na yi, kuma wlh ta ƙara ja ba ƙarya, da ka taka sai ta amsa. Kwata ɗin juyi kawai aka yi wa tawa. Abin da ya biyo baya shi ne hayaƙi, baƙi ƙirin, 'yan babur da ke bayana a kan gadar Ngeli har zagina suke, sannan man inji yana yin baƙi tun lokacin bidanj (canjin man inji) bai zo ba, shan gazuwal ma ya ƙaru. Ni dai hanyata ba hawa, tsakanin Kusiri da Njamena ce, shi ya sa har yanzu take lafiya ina ga.

Tsohon Makaniki, Garwa:
Ƙanena mai albasa, saurara da kyau. Sukurun nan abu ɗaya yake yi, ƙara yawan man da famfo ke tura wa injekta, iska kuwa ba ya ƙara ta ko kaɗan. 3L lita 2.8 ce, iskar da fistin ya zuƙa da kansa ita ke nan, ba turbo da zai cusa mata ƙari. To ka ƙara mai iska tana nan yadda take, kaɗan ya ƙone ya ba ka ɗan ƙarfin da Ɗan Kusiri ke yabo, saura ya zama hayaƙi da zafi a cikin silinda. Kamar ka cika murhu da itace ne ka toshe ƙofar iskarsa.
Kuma wurin da kake son ƙarfin nan ne ya fi haɗari. Ngaundare tana sama da mita 1,000, iskar can ta fi ta Garwa sauƙi da kusan kashi 10 cikin 100, ga lodi, ga ƙafarka a ƙasa tun daga gindin dutse har sama, in watan Maris ne ko Afrilu ga tsananin zafin rana. Fistin da alminiyom aka yi shi, alminiyom kuma wajen digiri 660 yake narkewa, mai da ruwa ne ke sanyaya shi, in zafin hayaƙi ya wuce 700 ya daɗe a haka to ka fara cin amanar injin. Allurar zafin da ke gabanka ruwa take aunawa ba hayaƙi ba, kafin ta motsa aikin gama ya gama. Kilas, wato kan inji, guda nawa na sauke sun tsage tsakanin bawul da bawul, masu su duk rantsuwa suke allura ba ta hau ba.

Mai Land Cruiser, Njamena:
Baba makaniki ya faɗi gsky. Tawa 1HZ ce, lita 4.2 silinda shida, injin da kowa ke cewa ba ya mutuwa. Direbana ne ya kai ta aka buɗe famfo ban sani ba, ashe har hatimin da kamfani ya sa a kan sukurun suka fasa. A hanyar Abeshe cikin rairayi da kaya ta fara shan ruwa, ta fara tafasa, juwan kilas (gasket ɗin kan inji) ya ƙone kuma da aka buɗe kilas ɗin ma ya tsage. Kuɗin gyaran da janyo ta daga daji ban ma son tunawa.

Ɗan Kusiri:
To amma Alhaji wannan ai wuce gona da iri aka yi, ba laifin sukuru ba ne, laifin hannun da ya juya ne.

Tsohon Makaniki, Garwa:
Haka ne ɗana, sai dai da me za ka auna? Yaran nan da kunne suke yi da kallon salansa. Na ga wadda aka juya fiye da kima, ana taka totur aka ɗaga ƙafa inji ya ƙi sauka sai ƙara hawa yake yana ihu, Allah ya taimaka makulli ya kashe ta. Wanda ya nace sai ya yi to ya kai famfon wurin masu injin gwaji su saita shi a kan ma'auni, ya sa agogon zafin hayaƙi, ya yi alama a inda sukurun yake tun asali don ya iya mayarwa.

Mai Vigo, Ngaundare:
Masu injin D-4D irin na Vigo kar ku je neman sukuru, babu shi, kwamfuta ce ke raba mai. Ni wani ɗan akwati aka haɗa min a waya, yana yi wa kwamfutar ƙarya ta ƙara matsin mai. Ta yi gudu sosai tunda akwai turbo, amma kuloch ya fara zamewa in na ɗauko kaya, daga baya injekta suka fara ƙwanƙwasa da safe, ga man jarka na bakin hanya da nake sha wani sa'in har da ruwa a ciki. Na cire akwatin.

Direban Mokolo:
Ni tambaya zan yi wa mai albasa, yaushe rabonka da canza filtar iska? Tawa ma haka ta riƙa yi a hawan Mandara bayan hunturu, na je da niyyar buɗe famfo, mai gyaran ya zaro filta ta cika da ƙura maƙil, filtar gazuwal ma haka, aka canza su aka gyara bakin injekta aka duba tayimin, mota ta dawo hayyacinta ba wanda ya taɓa sukuru.

Direban Albasa, Marwa:
Na gode ƙwarai. Filtar iska hura ta kawai muke yi a mayar. Baba na Garwa, ranar Laraba zan biyo da lodi in sha Allah, zan tsaya ka duba min injekta, kuma agogon zafin hayaƙin nan ana samun sa a Garwa ko sai an aiko daga Duwala?