Shin sojin ruwan Ghana na buƙatar jiragen sama nasu na kansu?

Malami, Nima: Jama'a, ra'ayina shi ne lokaci ya yi da rundunar sojin ruwa za ta mallaki jiragen samanta, ta daina jiran sojin sama su taso daga Takoradi. Ruwan da doka ta ba Ghana ya kai mil 200 daga gaɓa, kuma tun da aka fara haƙo mai a rijiyoyin Jubilee a 2010, dukiyar da ke cikinsa ta fi ƙarfin jiragen ruwan sintirin Sekondi da Tema kaɗai.

Tsohon soja, Mamobi: Malam, ban yarda ba. Sayen jirgi abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen horar da matuƙa da makanikai da sayen kayan gyara, waɗanda da dala ake biyansu alhali da sidi muke tara haraji. Idan aka raba 'yan jiragen da muke da su gida biyu, kowane gida zai rasa mai gyara.

Ɗalibi, Legon: Baba, a gafarce ni, amma mu duba Najeriya. A 2020 an sace ma'aikatan jirgi 130 a mashigin tekun Gini. A 2021 Najeriya ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue mai jiragen leƙen asiri da masu saukar ungulu da marasa matuƙi, kuma satar mutane ta ragu ƙwarai.

'Yar kasuwar kifi, Nima: Ku kuna maganar 'yan fashi, ni kuwa saiko ne ya dame ni, wato manyan jiragen da ke kwashe ƙananan kifi suna sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Wa zai ga wannan ciniki idan babu ido a sama?

Tsohon soja: Gaskiyarki, Hajiya, sai dai ido ba ya kama ɓarawo. Jirgi mara matuƙi zai ɗauki hoto, amma dole jirgin ruwa ya isa wurin, kotu kuma ta hukunta. Ɗana, ka lura cewa NIMASA, hukumar kula da harkokin sufurin ruwa ta Najeriya, ce ta biya kuɗin Deep Blue, ba sojin ruwa ba.

Malami: To, Baba, a bar manyan jiragen wa sojin sama, amma marasa matuƙi su kasance ƙarƙashin umarnin kwamandan da ke Sekondi.