Neman kalma: wane suna za mu ba "seismic survey" na neman ruwa?

Jama'a, ku taya ni. A Jos kowa ya san ana safiyo kafin a haƙa bohol, amma wanda muka saba gani shi ne na lantarki, mai ƙarafa huɗu da dogayen wayoyi. Akwai wani daban, shi nake nema wa suna.

Ga yadda ake yin sa. A soke 'yan na'urori masu tsini a ƙasa, a jere, a ajiye farantin ƙarfe a maka masa babbar guduma. Kowace na'ura ta rubuta lokacin da bugun ya iso ta. A busasshen yashi gudun bugun bai cika kai mita 1,000 a daƙiƙa ba. In yashin ya ƙoshi da ruwa sai ya kai 1,500 ko fiye. A lafiyayyen dutse kuwa wajen 5,000 ne. Da wannan ake lissafa kaurin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da zurfin da ruwa ya fara. A Filato wannan shi ne magana, don ruwanmu a ruɓaɓɓen dutse da tsage-tsage yake zama.

Wani ya ce "binciken girgizar ƙasa". A'a, Malam. Je ka faɗi haka a Mpape ta Abuja, inda ƙasa ta motsa a Satumbar 2018, ka ga ko za a bar ka ka sauke guduma.

"Awon amsa-kuwwa" ya fi, sai dai rabin aikin ya ɗauka. A irin wanda aka fi yi wa ruwa, bugun ba dawowa yake kai tsaye ba, bin saman dutsen yake da gudu sannan ya ɓullo can gaba.

Ni dai "safiyon amo" nake so. Mai sayen tukunya ma ƙwanƙwasawa take ta saurari amon kafin ta biya.

Saura "aquifer", wato yashi ko dutsen ƙarƙashin ƙasa da ke riƙe ruwa. Masu haƙar rijiya sun ce "ido", to amma ido inda ruwan ke tsattsafowa ne. "Tafkin ƙarƙashin ƙasa" kuma yaudara ce, ba wani tafki a can ƙasa. Na tsaya a "makwancin ruwa".

Malaman ilimin duwatsu na Jami'ar Jos, in kuna da wadda ɗalibanku suka riga suka saba da ita, ku kawo.