Masu kemistirin SS1: me kuka gani da ido har abin ya zauna muku?

Malamin Gyallesu

Assalamu alaikum jama'a. An tura ni wata makarantar je-ka-ka-dawo a bayan gari, aka ba ni 'yan SS1 in koya musu kemistiri. Ɗakin gwaji dai akwai shi, amma in ka leƙa ta taga karyayyun kujeru ne da kwalabe wayam. Kun san abin da ke cikin zangon farko: daskararren abu da mai ruwa-ruwa da iska, ƙwayar zarra, bambancin sinadari na asali da haɗaɗɗen sinadari da cakuɗa, sai hanyoyin raba cakuɗa. Yaran akwai hadda, tubarkalla. Amma da na tambaye su ruwan gishiri wanne ne, rabin aji suka ce haɗaɗɗen sinadari ne, wai tunda gishirin ya ɓace, alhali cakuɗa ne. Don Allah kowa ya faɗi abin da aka yi a gabansa, ko ya yi da hannunsa, lokacin da yake wannan aji.

Maman Walida, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya dafa maka. Mu malamarmu aikin gida ta ba mu, ta ce kowa ta je ta tsaya a kan uwarta daga awon gero har damun koko, ta rubuto duk abin da aka yi. Muka kawo mata surfe, bakace, wanki da rege, niƙa, tata, barin gasara ta kwanta, tsiyaye ruwan sama. Sai ta riƙa bin su ɗaya-ɗaya da tambaya guda: wane bambanci aka yi amfani da shi a nan? A bakace dusa ba ta da nauyi, iska ta kwashe ta. A rege tsakuwa ta fi hatsi nitsewa, sai ta tsaya a gindin ƙwarya. A tata kuma girma ne, abin da ya fi ramin ƙyalle ba ya wucewa. Da muka gama ta ce to ku duba, geron nan bai daina zama gero ba, tsakuwa ma tana nan tsakuwarta, zama kawai suka yi wuri ɗaya. Duk abin da za ka raba shi ta haka, cakuɗa ne. Har yau in ina rege shinkafa 'yar gida sai matar nan ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta.

Ɗan Kwangila

Hajiya ta kawo rabin zancen, bari in ƙaro ɗaya rabin, don yaro ba zai gane cakuɗa sosai ba sai ya ga kishiyarta.

Malaminmu ya aiki ɗan ajinmu wajen 'yan koli ya sayo farar wuta, ni kuma ya ce in kwaso garin ƙarfe a garejin yayana, wanda ke zuba ƙarƙashin injin wasa ƙarfe. Aka daka farar wuta ta yi laushi, ya zuba su kan farar takarda ya juya da tsinke. In ka sunkuya kana ganin rawaya daban, baƙi daban. Ya naɗe maganaɗisu cikin leda ya bi ta kai, sai garin ƙarfen ya miƙe tsaye cirko-cirko ya manne, farar wuta na kwance abinta. Ya zare maganaɗisun daga ledar, ƙarfen ya zube gefe guda. Ya ce kun ga mun raba su, ba a yi asarar kowa ba.

Sai ya sake haɗa su, wannan karon da awo, ƙarfe giram 7, farar wuta giram 4. Ya fitar da mu waje ƙarƙashin darbejiya, ya zuba a murfin gwangwani ya ɗora kan risho. Farar wuta ta fara narkewa tana yin ja-ja, can sai gefe ɗaya ya ɗauki ja kamar garwashi. Nan ya sauke murfin daga kan wuta, amma jan nan bai tsaya ba, sai da ya ratsa abin gaba ɗaya shi kaɗai, muna tsaye baki buɗe. Da ya huce muka ga wani baƙin dunƙule mai tauri. Aka fasa, aka daka, babu alamar rawaya ko ɗigo. Aka kawo maganaɗisu, ɗan abin da ya kama bai taka kara ya karya ba, kuma malam ya ce wannan ragowar ƙarfe ne da bai samu abokin haɗi ba. Sauran ya zama wani abu dabam da yake da nasa hali, haɗaɗɗen sinadari ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar awon. A kan takarda ko ka zuba ƙarfe cokali goma, farar wuta cokali ɗaya, cakuɗa ce dai. A kan wuta kuwa 7 da 4 suke ɗaukar juna, duk abin da ya ƙaru sai ya rage a gefe. Yanzu walda nake yi, ban ci gaba da boko ba, amma wannan ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa.

Baba Mai Ritaya

Madalla da ɗana na Kwangila. Mu a zamaninmu makarantar kwana muka yi, kuma lokacin kayan gwaji ba a magana. Abin da ba na mantawa shi ne sodiyam. Cikin kwalbar kalanzir ake ajiye shi don kada iska ko laima ta taɓa shi. Malam ya ciro da hantsaki, ya yanka da wuƙar aljihu, ƙarfe ne amma wuƙa na shigarsa salin-alin, wurin yankan yana ƙyalli kafin ka ƙifta ido ya dushe. Ya jefa ɗan mitsitsi cikin kwanon ruwa. Sai ya dunƙule ya hau zagaye a saman ruwan yana cuuu har ya ƙare. Sannan ya ba mu labarin kulorin, iska mai ruwan ɗorawa da kore-kore, wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915 saboda dafinta. Ya ce to waɗannan biyun in suka haɗu, gishirin da ke cikin miyarku ke nan. Wani yaro daga baya ya ce wallahi ya bar cin gishiri. Malam na Gyallesu, sodiyam ba za ka samu ba, kuma ko ka samu ban ba ka shawarar taɓa shi babu ɗakin gwaji ba, amma labarin kaɗai yana aiki.

'Yar Kongo

Ni fa ku yi haƙuri, nawa labarin ba mai daɗi ba ne. Raba yashi da gishiri duk na gane. Inda aka zubar da ni shi ne ƙwayar zarra. Aka zana da'ira cikin da'ira a allo, aka ɗiga ɗige-ɗige, aka ce 2, 8, 1, ku kwafa. Na ɗaga hannu na ce wa ya taɓa ganinta, aka ce in zauna ina ɓata wa aji lokaci. Zango na biyu na tattara na koma ajin adabi, ga ni yau ina karatun lauya. Malam, in yaro ya yi maka irin tambayata don Allah ka amsa masa.

Injiniyan Samaru

Ƙanwata, tambayarki ita ce ta fi ta kowa kyau a ajin nan. Ni ma sai da na shiga ABU aka nuna mini abin da ya gamsar da ni. Aka auna ruwa mililita 50, aka auna itanol, wato barasa tsantsa, mililita 50, aka juye wuri ɗaya. Kowa na jiran 100, sai ma'auni ya tsaya wajen 96. Ba a zubar ba, nauyin ma bai ragu ba. Bayanin da zai ɗauki wannan shi ne ruwan nan biyu ƙananan ƙwayoyi ne masu sarari a tsakaninsu, da suka gauraya suka ƙara matsuwa.

Su ma waɗanda suka kafa ilimin ba da ido suka gani ba, daga awo suka gano. John Dalton ya lura sinadarai kullum da ƙayyadadden nauyi suke haɗuwa, irin 7 da 4 ɗin da mai walda ya faɗa, sai ya fitar da ra'ayinsa a littafi a 1808 cewa kowane sinadari na asali yana da irin ƙwayarsa, kuma ba ta rabuwa. A 1897 wani masani Thomson ya gano elektiron, ɗan ƙaramin abu da ke cikin ƙwayar zarra, maganar rashin rabuwa ta rushe. A 1911 Rutherford ya bayyana sakamakon gwajin da aka harba ƙananan ƙwayoyi kan siririn fallen zinare: kusan duka suka wuce fit, ƙalilan suka dawo baya. Daga nan aka san nauyin ƙwayar zarra yana dunƙule a tsakiya, sauran fili ne. Chadwick ya ƙaro niyutiron, wani ɗan abu da ke cikin tsakiyar, a 1932. In aka buɗa ƙwayar zarra ta kai faɗin filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba. Ƙwayar zarrar kanta kuwa, sai ka jera kusan miliyan 10 kafin su cika milimita ɗaya a kan rula.

2, 8, 1 da aka sa ku kwafa sodiyam ɗin Baba ne, elektiron 11 gare shi, su ne ɗige-ɗigen, ɗaya a da'irar waje shi kaɗai. Kulorin 17 gare shi, 2, 8, 7, saura ɗaya da'irarsa ta waje ta cika 8. Wannan ya miƙa, wancan ya karɓa, gishiri ya samu. Da an haɗa miki zanen da labarin Baba a rana ɗaya, ina jin da yanzu muna tare a Samaru.

Mai Shayin PZ

Ni nawa gajere ne. Sukari a shayi yana nan, harshe shaida ne, in ka ƙafe ruwan a hankali za ka same shi. Sukari a cokali kan wuta kuwa ya yi ja, ya yi baƙi, ya koma gawayi mai ɗaci, ba mai dawo da shi. Malaminmu da cokalin gidansa ya yi mana, ya ce matarsa ba ta sani ba.

Malama daga Sabon Gari

Abokin aiki, sannu da fama, ni ma ajin nake ɗauka. Maganar ruwan gishirin nan kada ka yi musu da su. Ka sa su cakuɗa yashi da gishiri da kansu, su zuba ruwa, su tace da ƙyalle mai kauri, su zuba ruwan da ya fito a faranti mai duhu su ajiye a taga. Da hunturun Zariya kwana kaɗan ya ishe shi ƙafewa. Wanda aka bari ya bushe a hankali yakan fito da 'yan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu cif, yara har rububin kallo suke yi. Wanda ya ce gishiri ya ɓace sai ya ɗanɗana.

Na biyu, tawada. Na ɗiga baƙar tawadar alƙalamin zane na yara, irin mai wankuwa da ruwa, kusa da gindin farin alli, na tsayar da allin cikin ruwa ɗan kaɗan yadda bai taɓa ɗigon ba. Ruwa na hawa, baƙin nan ya warware, shuɗi ya yi sama, wasu launuka suka biyo baya. Sai wani yaro ya kawo tawadar allo daga makarantarsu ta dare, ta gawayi da ƙaro, ya ce a gwada. Baƙinta ko gezau, yana inda aka ɗiga shi. Dalili, gawayi ba narkewa yake yi a ruwa ba, garinsa ne ke yawo ciki ƙaro na riƙe da shi. Darasin da ban shirya ba ya fi wanda na shirya armashi.

Sai abu ɗaya da zai iya ba ka kunya gaban aji in ba ka shirya masa ba. In ka samu aron ma'aunin zafi ka tafasa ruwa, ba zai kai 100 ba, wajen 98 zai tsaya. Ma'aunin lafiyarsa lau. Zariya ta haura mita 600 sama da teku, nauyin iska ya ragu, shi ya sa ruwa ke tafasa da wuri. Kuma duk abin da kuka yi da Hausa, ka sa su rubuta sunansa na Turanci a take, don WAEC da NECO ba za su tambaye su rege ba.

Anti Nas

Ni abin da na riƙe alif ne. Da damina aka ɗebo mana ruwa jawur daga Kubanni cikin kwalba biyu, aka kaɗa ɗan alif a ɗaya. Kafin a tashi darasi lakar ta dunƙule ta kwanta, sama ya yi garau, ɗayar kwalbar na nan yadda take. Amma Malam ka ja musu kunne, ruwa ya yi garau ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun mutu, sai an tafasa ko an sa maganin kulorin na tsabtace ruwa daidai ƙa'ida. Muna ganin sakamakon wannan ruɗu a asibiti duk damina.

In kana son nuna bambancin iska da ruwa, sayi sabon sirinji ka cire allurar. Ja iska, toshe bakin da yatsa, danna, zai shiga har wajen rabi. Ja ruwa ka danna, ba ya motsi. Kowane yaro zai iya yi a kujerarsa. Gwajin farar wuta kuma a waje kawai, yara su tsaya ta inda iska ke fitowa, mai asma ya ja baya sosai, hayaƙinta na shaƙe ƙirji.

Ɗan Kwangila

Anti ta yi gaskiya, ranar har malamin sai da ya yi tari. Malam, maganaɗisu kada ka saya, je wajen masu gyaran rediyo ka ce su fasa maka tsohuwar lasifika, akwai babba a bayanta. Garin ƙarfe kuma ka turo yaro ranar Asabar in tara maka. Sai dai na gareji yakan zo da baƙin mai da yashi, ka fara tsince shi da maganaɗisun, ka wanke da ɗan fetur a waje, ka shanya ya bushe ƙarau kafin ya kusanci wuta. Wanda ya yi tsatsa ka zubar, ba ya kamawa.