Masu haɗa kiɗa a kwamfuta, yaya kuke zaɓen sauti ba tare da yini ya tafi ba?

Mai sitidiyo a Zango:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Abin da ya same ni ranar Alhamis ne ya sa na kawo maganar nan. Wani mawaƙi ya zo da waƙar biki, ɗaurin aure Asabar, yana so a gama a ranar. Kalangu da bas na zuba su cikin minti 20. Saura sautin da zai ja amshi. Na buɗe filogin, wato ƙaramar manhajar da ke fitar da sautuka, a FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita, na kama danna ƴar kibiyar nan ta sama mai sauya sauti, in taɓa fiyano, in ce a'a, in ƙara dannawa. Tun bayan azahar har aka kira la'asar ina abu ɗaya. Bawan Allah ya shanye shayi har zagaye na uku, ya koma kallon agogo. Da na ce alhamdulillahi na samu, sai kuran, wato wutar lantarki, ya tafi. Ban adana ba, sunan sautin ma ban riƙe ba. Har yau ban sake cin karo da shi ba. Ku yaya kuke yi?

Tsohon mai fiyano, Birni:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, yawa ne ya yi maka yawa. Lokacin da muke yawon biki da fiyanon Yamaha, sauti 128 na General MIDI, tsarin da ya ba kowane sauti lambarsa, muka haddace kamar karatun allo. Tsarin tun 1991 yake, gida 16 ne, kowane gida sauti 8. In ina son abin da ya yi kama da algaita, lamba 112 nake zuwa, wato shanai, algaitar Indiya. Goge 111, sarewa 74. Ba na nema, zuwa nake. Yanzu ku filogin ɗin Omnisphere kaɗai ya ba ku sauti sama da 14,000. Ko daƙiƙa 5 ka ba kowanne, ka ci awa 19 da ɗoriya. Ni har gobe ina da ƙaramin littafi a kan tebur, sauti 30 ne a ciki, kuma da su nake cin abinci.

Ɗan Garin Malam:
Baba, littafin nan na sayarwa ne? Mu biya jika biyu mu kwafa.

Tsohon mai fiyano, Birni:
Ka zo da goro kawai.

Mai tallan rediyo, Sabon Gari:
Ni ma na sha wannan wahalar, yaya, kuma na gano inda nake kuskure. Ina taɓa nota ɗaya in yanke hukunci. To nota ɗaya ba ta gaya maka komai. Sautin da ya yi daɗi shi kaɗai, kana saka shi cikin kalangu da murya sai ya nutse, ko ya hau kan mawaƙin ya danne shi.

Yanzu kafin in buɗe jerin sautuka, sai na fara rubuta karin waƙar da fiyano maras ado, layi huɗu kawai, in sa shi yana ta zagayawa tare da ganga da bas. Hannuna ba ya kan fiyano ma. Kiɗa na tafiya ina sauya sauti, kowanne zagaye ɗaya nake ba shi. Wanda ya ja hankalina ba na tsayawa in yi ta shafa shi, in rubuta sunan a takarda in wuce. In sun kai biyar na rufe nema, ko da zuciya tana cewa akwai wanda ya fi a gaba. Kullum tana cewa haka. Biyar ɗin nake karawa da juna, kuma a nan ne nake kiran mai waƙa ya saurara, domin in ka sa shi a neman tun farko, kowane sauti sai ya ce "wancan na baya ya fi", alhali shi ma bai san wanne ba.

Abu na biyu, ranar nema daban, ranar aiki daban. Safiyar Juma'a ba ni da kowa, sai in zauna awa ɗaya ina sauraro kawai. Wanda ya yi mini in adana shi da sunan da ni na raɗa masa: "algaitar fada", "gurmi bushe", "sanyin amarya". Tun FL Studio 21, wanda ya fito ƙarshen 2022, ana iya sa wa abu tauraro da laƙabi a burawuzar gefen hagu, to in na rubuta "amarya" duk na biki su fito. Da wuya bature ya sa wa sautinsa suna algaita, sai ka nemi shanai ko zurna ko oboe. Gurmi kuma banjo da koto nake fara dubawa, in rage musu jela, wato jan da sautin ke yi a ƙarshe.

Ɗalibi, Karkada:
Anti, dabararki ta masu mashin mai ƙarfi ce. Tawa kwamfutar RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga 4 ce, faifan kuma tsohon mai juyawa. In na danna sauti mai nauyi sai in tashi in sha ruwa in dawo bai gama hawa ba. Daga baya na fahimci filogin iri biyu ne. Akwai filogin da ke ƙera sautin da lissafi, irin Vital da Dexed, duka kyauta ne, sautinsu ba shi da nauyi, kana dannawa ya sauya. Akwai masu ɗauko muryar kayan kiɗa na gaske da aka naɗa, irin na filogin ɗin Kontakt, waɗannan sai an kwaso ɗaruruwan mega daga faifai. Su manhajar Komplete Kontrol ce ta rage mini wahala, domin kana bi ta kan suna tana kunna maka ɗan guntun da aka riga aka naɗa, ba sai ta loda ba. Amma guntun nasu ne, ba karin waƙarka ba, kenan tacewar farko kawai yake yi.

Mai tallan rediyo, Sabon Gari:
Gaskiyarka ƙanena. Nima sai da na sa SSD, faifan nan mai sauri da ba ya juyawa, abin ya yi sauƙi.

Ɗan Garin Malam:
Ban da wasa yanzu. Abin da ya daɗe yana yaudarata ƙara ce. Sautin da ya fi ƙarfi kunne yana ɗauka ya fi daɗi, kuma masu yin su sun sani, shi ya sa suke cika su da amsa-kuwwa. A kaske, abin sauraro na kunne, sai ka ji kamar kana cikin zauren fada. Na taɓa ba wani waƙa ina ta murna, washegari na ji ta a wayar wani ɗan kabu-kabu bakin Kasuwar Dole, sautin da na yi awa ina zaɓe babu shi, sai murya da ƙaras-ƙaras. Tun ranar nake kashe amsa-kuwwar kafin in gwada, in daidaita ƙarfin biyun da nake karawa, sannan in tura guntun a wayata in saurara a tsakar gida. Kuma ku riƙa hutawa. A zafin Afrilu, fanka na kaɗawa, bayan rabin awa kunnena ba ya banbance komai.

Tsohon mai fiyano, Birni:
Ni ban yarda da kashe amsa-kuwwa duka ba. Wani sautin ita ce ransa, ka cire ta ka bar ƙashi. Rage ta rabi dai.

Mai sitidiyo a Zango:
Allah ya saka da alheri. Jiya na gwada dabarar Anti a wata waƙar suna, minti 12 na tsayar da sauti, na uku cikin biyar, kuma Ctrl+S na adanawa na fara dannawa kafin in yi magana. Shi kuma mai waƙar Alhamis, da 112 ɗin Baba muka ƙarasa ta daren Juma'a, ya ce ai wannan ne ma wanda muka zaɓa ran nan. Ban musa masa ba. Baba, gobe bayan la'asar kana gida? Goro fari ko ja?