Abin da gogaggun matuƙan ƙananan jirage suka fi nanatawa

Da aka tattara shawarwarin matuƙan ƙananan jiragen sama, yanayi ne ya fi cin lokacinsu. Wanda bai koyi tuƙi da na'urori kaɗai ba, idan ya kutsa cikin gajimare, jikinsa kan yaudare shi: ya ji jirgi a miƙe alhali ya karkata. Suka ce ka juya tun kana ganin ƙasa, ko da ana jiranka. Ni ma nan na fi ba muhimmanci, domin ɗokin isa ne ke rufe wa mutum ido.

Sai mai. Kada ka dogara da ma'auni. Buɗe tanki ka leƙa. Tsiyayo kaɗan a kofin gwaji ka ɗaga shi wajen haske don ka ga ko akwai ruwa a ciki. Man 100LL, wanda yawancin ƙananan jirage ke sha, shuɗi ne, ruwa kuwa ƙasa yake kwanciya. Dokar Amurka ta wajabta rarar man tafiyar minti 30 da rana, 45 da dare, amma da yawansu awa guda suke bari.

Ranar zafi ko a fili mai tudu, jirgi kan daɗe yana gudu kafin ya ɗaga, don haka lissafa nauyin kaya da fasinja.

In abu ya ɓaci, riƙe jirgin tukuna, sannan ka kira ta 121.5, wato zangon rediyo na neman agaji, ka sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna jirginka ga masu kula da zirga-zirgar jirage.