Kauci ne ko okid? Neman sunan furen da ake gwadawa kan ciwon daji

Malamin kimiyya, Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Ina shirya wa 'yan ajin ƙarshe darasi kan magungunan da ake tacewa daga tsirrai, sai kalma biyu suka tsayar da ni. Akwai furen da Bature ke kira orchid, danginsa sun haura iri 25,000 a duniya. Wani jinsinsa, Dendrobium, mutanen Sin sun daɗe suna sa shi a maganin gargajiya, suna ce masa shihu. Daga Dendrobium chrysotoxum aka tace wani sinadari mai suna eriyanin, wanda a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye yake hana ƙwayoyin cutar kansa, wato ciwon daji, rabuwa su yawaita. Me za mu kira furen? Shi kuma sinadarin, maganin daji za a ce?

Manomi, Gaya:
Malam, ai kauci ke nan. Na ga hotonsa, a kan reshe yake fitowa, bai taɓa ƙasa ba. Irin wanda ke maƙale wa ɗorawa da tsamiya a gonakinmu.

Malamar gona, Dambatta:
Baba, Allah ya ƙara girma, kamannin ne suka ruɗe ka. Kauci yana huda jikin bishiya ya sha ruwanta, shi ya sa reshen da ya kama yakan kumbura, daga baya ya bushe. Wannan kuwa zama kawai yake yi a kan reshe. Saiwarsa a waje take, fara-fara mai kauri, ruwan sama da laimar iska take tsotsa. Goyo ne, ba shan jini ba. Ni da furen goyo na so in ce, to amma akwai danginsa da ke fitowa a ƙasa, irin su Eulophia masu dunƙulen saiwa da ke toho da damina a nan Afirka. Banila ma da ake ƙamshin kek da ita daga cikinsu take, ita kuma yaɗo take yi. Sunan goyo ba zai ɗauke su duka ba. A bar shi okid, kamar yadda muka karɓi tumatir da karas babu wanda ya yi gardama.

Manomi, Gaya:
To 'yar nan, kin fi ni. Amma yaro ya zo ya ce min okid, ba zan san ci ake yi ko sha ba.

Ma'aikacin lafiya, Birnin Kudu:
Sai a ce furen okid, Baba, an huta. Ni ta biyun ce ta dame ni. Malam, don Allah kada ka rubuta maganin daji a allo. Ranar kasuwa ka je ka ji masu lasifika a kan mota, kwalba ɗaya ta basir ce, ta sanyi ce, ta daji ce. Suna jin an ce fure mai kama da kauci na maganin daji, sai a fara saran kauci ana jiƙawa. Mu ne muke ganin matan da aka yi wata da watanni ana shafa musu jiƙe-jiƙe a nono, sai ya fashe yana wari a kawo su.

Eriyanin bai zama maganin da likita ke rubutawa ba. Aikinsa shi ne ɓata siraran zaruruwan da ƙwayar halitta ke shimfiɗawa idan za ta rabu biyu, sai ta tsaya ta mutu. Tsakanin wannan da allurar asibiti tafiya ce mai nisa. Taxol, wani maganin ciwon daji na asibiti, daga ɓawon wata bishiya aka samo shi a shekarun 1960, amma sai 1992 Amurka ta yarda a yi wa mutane amfani da shi.

Malamar gona, Dambatta:
Ga kuma wata matsalar: wanda ya ji maganin daji yana iya ɗauka maganin da aka haƙo a jeji ake nufi.

Malamin kimiyya, Ringim:
Na gode ƙwarai. Furen okid ya zauna. Sinadarin kuma zan rubuta: sinadarin okid da ake gwadawa kan ƙwayoyin cutar kansa. Ya yi tsawo, na sani, yaran za su yi ƙorafi wajen kwafa. Baba na Gaya, idan da hali ka aiko min da reshe ɗaya mai kauci da motar Wudil, in yanka shi a gabansu su ga inda ya huda.